Makin Da Anka Ba Ni a Fadamar Goronyo

Mu biyu ne mata a ajinmu na injiniyancin gine-gine, ni daga Wurno, ɗayar daga Rabah. Ita tun muna aji biyu ta tattara ta koma sashen koyarwa, ta bar ni ni kaɗai cikin garada.

Wallahi ba zan ce mazan nan sun wulaƙanta ni ba. Girmama ni sunka yi ta yi har sunka gama da ni. Duk ranar da munka fita awon ƙasa, kafin in miƙa hannu ga na'urar awo wani ya riga ya ɗauke. Wannan ya ce rana ta yi zafi, in shiga inuwa. Wancan ya ce Allah ya kiyaye ya bar 'yar'uwarshi ta durƙusa cikin laka. In na matsa sai a ce Hajiya ta cika rigima, a bushe da dariya. Ƙarshenta gindin itace nake komawa, ina tsaron jakunkuna da ruwan sha.

Shekarar ƙarshe anka kai mu fadamar Goronyo jarrabawar aikin hannu, tsakiyar gonakin albasa. Kowa shi kaɗai zai kafa na'urar bisa ƙafafunta uku, ya daidaita ta, ya auna gangaren hanyar ruwa. Wanda ya riga ni shiga ya kasa. Malaminmu, wani dattijo mai furfura, ya wanke shi tas, ya ce ya dawo mako mai zuwa, kuma zai yi ta dawowa har sai hannunshi ya iya.

Sai ni. Lissafin na san shi kamar sunana, amma ƙafafun nan sunka ƙi ni. In na gyara ɗaya, biyu su karkace. Zufa har cikin ido, masu ban-ruwa sun aje aikinsu suna kallona. Na tsaya jiran nawa faɗan, kuma Allah ya sani so nake a yi mini shi.

Malam ya ƙaraso yana murmushi.

"Bar shi haka nan, ɗiyata. Kin ci."

Na ce mi na ci, ni da ban auna komi ba? Na roƙe shi ya kayar da ni, in dawo tare da wancan in koya. Ya dube ni da tausayi na gaskiya, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"Kar ki wahalar da kanki. Wa zai ba ki gada ki gina?"

Kafin in sake buɗe baki har ya kira ɗalibin da ke bayana.