Zaren da Ya Ci Mayafin Uwar Zlata

Duk macen da ta taɓa sayen ɗankwali a wurin Zlata a nan Antwerp ta san ba a kawo mata wasa. Ni da muke gida ɗaya na san inda wannan zafin rai ya samo asali.

Da can ko maɓalli ba ta iya ɗinkawa. Sai bikin 'yarta Raizel ya taso. Tunda a wurin mabiya Attaura washegarin aure amarya ke fara rufe gashinta, Zlata ta ƙudurta cewa da mayafin ulun marigayiya mahaifiyarta za a yi rufin farko. Shi kaɗai tsohuwar ta bar mata, sai gwangwanin zare. Ta yanka, ta ɗinka masa duwatsun ado da zaren gwangwanin, ta ji daɗin aikin har miya ta ƙone ba ta sani ba.

Mijinta Feivel, mai gyaran sarƙoƙi, ya ce, "Kin kai an duba?"

"A duba me? Kayan uwata ne fa."

Ta dai kai wa Reb Anshel, malamin da ke duba halaccin tufafi. Ya ciro silin zare, ya ɗora a ƙarƙashin madubinsa mai ƙara girman abu, ya ɗago kai.

"Baiwar Allah, mayafin ulu ne, zaren kuwa lilin. Kin san Attaura ta hana mu sa su a haɗe."

"Daga gwangwanin uwata na ɗauko shi!"

"Na ɗinkin zanen tebur ne. Kuma warwarewa ba za ta wadatar ba, ya riga ya shige cikin ulun. Sai an yanke duk inda allura ta bi."

Ina ne allurar ba ta bi ba? Zlata ta dawo tana huci. Ta yi wa Feivel tatas don bai yi magana da wuri ba, ta yi wa Reb Anshel a bayan idonsa, har marigayiyar ba ta tsira ba. "Mama, ke da ko gishiri sai kin manna masa suna, zare ne ya gagare ki?"

Da hannunta ta sa almakashi. Abin da ya rage bai kai tafin hannu ba.

Ta ture Feivel daga teburin aikinsa, ta ce ya nuna mata yadda ake lanƙwasa azurfa, kuma kada ya cika ta da surutu. Ta ƙona yatsu, ta ɓata masa waya, amma ta kewaye ƙyallen nan da azurfa, ta sa masa fil a baya. Tun daga ranar ba ta mayar masa da teburin ba.

Washegarin biki Raizel ta ɗaura ɗankwalin siliki na kanti, uwar ta maƙala mata abin a gefen kunne. Yarinyar ta shafa ulun, ta kai yatsun hancinta.

"Mama, har yanzu yana ƙamshin kaka."

Zlata ta ce, "Tsaya sosai, kin karkata shi."