Ɗingishin Kazar Ɗori

Kakarmu Iya Ladi ba ta fara tatsuniya sai ta binne doya a toka. A ƙauyenmu da ke wajen Arikya, da an idar da isha'i mukan kewaye murhunta, hayaƙi na cin idonmu, mu kuwa ko a jikinmu. Bagwandariya ce, Hausarta ba ruwanta da mace ko namiji. "Ga ta nan," takan ce, "wanda ya yi gyangyaɗi kuwa, doyansa nawa ne."

Wadda ta fi zauna mini ita ce ta kazar ɗori. Wani manomi ya faɗo daga bishiya ya karye a ƙafa. Maɗori ya karya ƙafar kaza, ya ɗora su tare, ya ce ran da kaza ta taka, shi ma manomin ya tashi ya koma gona, a yanka ta a yi sadaka. Ashe kaza na ji. Ta warke sarai, amma da an kalle ta sai ta ɗage ƙafa. Iya takan miƙe ta kwaikwaye ta, mu yi ta dariya har da hawaye.

"Kaza ya yi wayo," in ji ta. "Mutum yana ta zaginsa, bai san hutu ne yake ba shi ba."

Manomi ya yi ta kwanciya yana ƙunƙuni har lokacin girbi ya wuce. Ran da ya gaji ya tashi, ƙafa ta yi ƙwari kamar taɓarya.

Yau shekarata goma sha ɗaya ina dakon buhun shinkafa a wani injin casa a Lafia. Bara na zame daga kan katakon hawa tirela da buhu a wuyana, idon sawuna ya karye. A asibiti aka naɗa mini filasta, likita ya ce in yi wata huɗu ban ɗauki kaya ba. Wata biyu na yi. 'Ya'ya biyar ba sa cin filasta.

Ran da na koma aiki, shugaban 'yan dako ya dube ni sama da ƙasa. "Malam Sule, ni ba na son wahala. In na ga ɗingishi, zan sa wani a layinka."

"Ai na warke, Oga."

Tun ranar nake tafiyar ƙarya. Ina taka ƙafar sosai kamar ba komai, kowane taku kamar an soka mini ƙusa. Wallahi na gaji. Ba nauyin buhun ne ya fi gajiyar da ni ba, ɓoyewar ce. Sai mun tashi na sha kwana, inda ba mai ganina, nake sakin jiki in ɗingisa har gidana a Azuba.

Jiya ina gasa ƙafar da ruwan zafi, ta kumbura suntum, matata ta ce, "Baban Ladi, sai yaushe za ka huta?"

Na dubi kajinta suna kiwo a tsakar gida, kowacce garau da ƙafafunta. Ba wadda za ta yi ƙarya domina.