Allon Malam da Injin Akonta

Mijin ƙanwata, wanda duk gidan muke ce wa akonta, wato suruki a yaren garin nan, makanike ne a Suame kafin Allah ya haɗa shi da injin leza. Tun ranar da injin nan ya sauka a shagonsa na Asokore Mampong, mutumin bai ƙara yin wata hira ba. Kina gaishe shi zai fara miki bayani: a zana abu a kwamfuta, a kwantar da katako, a daidaita tsinin hasken, hasken ya bi zanen yana ƙona shi. Wai katakon odum sai an bi shi a hankali da wuta mai ƙarfi, filawud kuwa a guje, in ba haka ba ya huje. Wa ya tambaye shi? Ni dai warin ƙonannen itace da ke bin rigarsa na sani, shi ke shiga gida kafin sallamarsa.

Ba zan yi masa ƙarya ba, aikinsa na fita. Sunayen amarya da ango, furanni, Ayatul Kursiyyu ta rataye a falo, mutane na rububi. Da ya tsaya a kan katakon da ya saya, da babu ruwana da shi.

Mahaifinmu malamin makarantar allo ne, Malam muke ce masa mu ma. Ya rasu ya bar allo guda, wanda ubansa ya sauko da shi daga arewa. Ya yi baƙi ƙirin saboda tawada, wuyansa ya yi santsi saboda hannu. A gidanmu duk yaron da zai fara karatu, a kansa ake rubuta masa Bisimillar farko, ya biya, a wanke a kwano ya sha. Ni na sha, ƙanwata ta sha. Mma, uwarmu, ta naɗe shi a tsohon rawanin Malam ta sa a akwati, ta ce sai 'yata ta isa. Na daɗe kafin na samu yarinyar nan, Malam ya ga goyonta kawai. Da ta isa, Mma ta yanke cewa bayan addu'ar da muke yi wa Malam duk shekara za a fara mata.

Ashe ƙanwata ta shiga ɗakin Mma ta ɗauke allon ta kai wa mijinta. Idon Mma ya yi rauni, ba ta buɗe akwati kullum. Wai za su ba mu mamaki.

Sun kuwa ba mu. An shafa addu'a, ana rabon masa da waakye, shinkafa da waken nan tamu, sai ga akonta ya miƙe cikin rumfa da wani abu a leda. Ya zare. Allon Malam ne, ya koma ja-ja yana ƙyalli, an ƙona masa Fatiha a zagaye, an cusa fentin ruwan zinariya a cikin haruffan, an huda wuyansa don ƙusa. Mutane na masha Allah, shi kuma bakinsa har kunne. Yana gaya musu irin wahalar da ya sha: allon ya yi baƙi da yawa, ƙunar ba ta fitowa, dole ya kankare shi da sanfefa har ya kai farin itace, ya ƙara wa injin wuta, ya maimaita don rubutun ya yi zurfi, sannan ya shafe da banish gaba da baya.

Na ja shi gefe na tambaye shi ina baƙin da ya kankare. Ya ce fanka ta fitar da ƙurar ta taga. Na san tagar, kwata ce a bayanta. Karatun kakanmu da na Malam da namu, duk abin da itacen nan ya sha, can ya tafi.

Na ce, "Akonta, a kan me 'yata za ta fara?"

Ya yi dariya. "Haba Yaya, allo cike yake a kasuwa. Wannan kuwa yanzu har abada ba zai goge ba."

Abin da ya yi tinƙaho da shi ke nan. Mutumin da shi ma ya zauna gaban malami, ya san allo wanke shi ake yi, amma injin ya cinye masa kai. Na gaya masa maganganu a ranar, ban kuma janye ko ɗaya ba. Ƙanwata ta sa kuka wai ban san alheri ba. Na ce ta riƙe alherinta, ɓarauniyar akwatin uwarta.

Duk da haka na gwada. Na shiga ɗaki da alƙalami da tawada, na juya bayan allon na ja layi. Tawadar ta dunƙule ta gangaro kamar ruwa a kan leda. Na kai wa wani kafinta, ya duba ya ce in ya fere har ƙarshen ƙunar, abin da zai rage ba zai ɗauki hannun yaro ba.

Mma tana ɗaki lokacin da aka yi abin, ba kuma wanda ya yarda ya gaya mata, sai ni aka bar wa. Na sa mata allon a cinya. Ta kama wuyan ta gane shi nan take, har ta fara murmushi tana cewa a kira mata jikarta. Sai yatsunta suka gangara suka faɗa cikin ramukan. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta kai ga hudar ƙusa. Ta lashi yatsa ta goga, yadda Malam ke yi in yaro ya ɓata harafi. Ta sake gogawa.

Ta ce, "Wa ya yi wa allon Malam tsaga?"

Na faɗa mata. Ta miƙo mini shi, ta ce in mayar wa mai shi, rawanin kawai take so.

'Yata ta fara a kan sabon allo da na sayo a kasuwar Aboabo, ta biya, ta sha wankin ta yamutsa fuska. Mma ba ta fito daga ɗaki ba. Allon yana rataye a falon akonta yanzu, saman talabijin, ya kewaye shi da ƙananan fitilu. In na je gidan, a tsakar gida nake tsayawa.