Ɗalibar da Ba Ta Kiran Sunana

Har gobe in na bi ta lungu na ji ƙanshin ƙuli-ƙuli a kasko, Turanci ne ke faɗo mini a rai. Na san za ka yi dariya, mai karatu, ka ce ina ruwan biri da gada. To, ni a bakin murhu na fara koyar da Turanci, ina 'yar shekara goma sha uku, kuma ɗalibata ta farko ita ce matar da ta haife ni.

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu. In ka san Ƙauran Namoda ta wancan zamani, ka san abin da wannan ke nufi. Inna ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, ba ta yi mini magana kai tsaye. Ana yaye ni aka miƙa ni ga Kaka, mahaifiyarta, wadda katanga ɗaya ce ta raba gidanta da namu. In Inna na son in ci abinci, sai ta dubi turmi ta ce, "A hwaɗa ma mai kunnen ƙashi tuwo na hucewa." Ni kuwa ina tsaye kusa da turmin.

Kaka ungozoma ce, rabin yaran unguwarmu a hannunta suka faɗo duniya. Amma a shekarun da aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jiharmu, hannun nan ya fara rawa. Da aka zo aka ƙaddamar da Shari'a, sai maganar mace ta duba mace a asibiti ta ƙara ƙarfi, aka shiga neman matan da za a koya wa aikin ungozoma na zamani. Inna ta gama sakandare kafin ta yi aure, takardarta na kwance a ƙasan adaka, kuma ta daɗe tana bin Kaka wajen karɓar haihuwa. Ranta ya biya ƙwarai. Sai dai jarrabawar shiga makarantar da Turanci ake yin ta, a rubuce da kuma baki da baki, Turancin Inna kuwa ya yi shekara goma sha huɗu yana barci. Ga shi shekarunta sun kai iyakar da aka yanka. In ta faɗi bana, babu baɗi.

Baba ya amince da zuciya ɗaya, amma shi fataucin awaki yake yi, Turancinsa bai wuce karanta lambar mota ba. Malami namiji kuma ba zai shigo cikin gida ba. Kaka ce ta yanke magana.

"Ga ɗiyakki nan, an ce ita ka zuwa ta ɗaya ga Turanci."

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Wace ɗiya?"

"Wadda kinka haihwa ni yanke ma cibiya. Ko kin mance in tuna miki?"

Haka muka fara, kullum bayan la'asar, lokacin da Inna ke matsar man gyaɗa na sayarwa. Ita tana fuskantar kasko, ni ina bayanta a kan kujera 'yar tsuguno. In na yi tambaya, kasko take ba amsa. Na ɗauko dabarar malamarmu ta makaranta, wadda ke cewa kada a je nesa neman abin faɗa, a fara da abin da ke gaban mutum. Sai na ce Inna ta gaya mini da Turanci yadda ake yin ƙuli, tun daga suyar gyaɗa har zuwa mulmulawa. In ta gama, in ce ta sake faɗa a matsayin abin da ta yi jiya, sannan abin da za ta yi gobe. Daga ƙuli muka koma kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis, da abin da Baba ke gani a can. Da damina ta sauka muka koma gonarmu ta Banga, shuka da noman farko da tsuntsayen da ke damun gero. Rubutu kuwa da gawayi muka fara a jikin bangon madafa, kafin Baba ya sayo littafi.

Ba zan ɓoye maka ba, na samu wuri na yi ta shanya. Yarinyar da ba a kiran sunanta ce yau take cewa, "Ba daidai ba ne, a sake!" Har jan biro na samo. Inna kuwa ba ta taɓa yin fushi ba. Tana juya ƙuli, gumi na zuba, tana maimaita jimla sau biyar, sau goma, har ta zauna mata. Kafin lokacin girbi ya zo, tana rubuta shafi guda kan yadda ake wankan jego, in duba in rasa inda zan sa jan birona. Wani lokacin sai in ƙirƙiro kuskure don kada biron ya bushe.

Saura mako uku jarrabawa, malamarmu ta gaya mini cewa masu tambaya ba sa rasa cewa mutum ya yi bayanin iyalinsa. Na zo na sa Inna ta gwada. Ta gyara murya, ta ce da Turanci mai kyau tana da 'ya'ya uku, ta jero ƙannena da sunayensu da shekarunsu. Ni ce ta huɗun, wadda ba a ƙirgawa.

Na san al'ada ce, na tashi na gan ta. Amma ranar abin ya soke ni. Ni na koya mata kalmomin da ta tsallake ni da su. Na ajiye littafin, na zagaya gidan Kaka ina kuka, na yi kwana uku ban leƙa madafa ba. Ta kan katanga ina jin Inna tana karatu ita kaɗai, tana tuntuɓe, babu mai cewa a sake.

A rana ta huɗu Kaka tana kaɗi, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Shekarar da kinka yi ƙyanda, kwana bakwai uwakki na tsaye bayan ɗakin ga cikin rana. Ba ta shigo ba, ba ta koma gida ba. Ke dai tashi ki tai, lokaci na ƙurewa."

Na koma na zauna a kujerata. Amma abu ɗaya na damuna: a takardar neman shiga, 'ya'ya huɗu Baba ya sa aka rubuta. In ta ce uku, masu tambaya za su ɗauka ba ta fahimci tambayar ba, ko kuma takardar ƙarya ce. Sai na dubi kasko, kamar yadda take yi, na ce, "A hwaɗa ma mai jarrabawa takarda ta ce huɗu." Kafaɗarta ta motsa kamar mai danne dariya, amma ba mu sake taɓa maganar ba.

Ranar jarrabawa na raka ta Gusau. An yi jarrabawar rubutu da safe, da hantsi aka fara kiran matan ɗaya bayan ɗaya don ta baki da baki. Na zauna a benci ƙarƙashin dogonyaro ina riƙe da jakarta. Wasu matan na shiga su fito nan da nan suna share ido. Inna ta shiga, shiru, shiru. Da ta fito, sai ta ja mayafi ta wuce ni ta tsaya can bakin ƙofar fita, ta ba ni baya. Na ce shi ke nan, ta faɗi.

Sai wata mata mai farin kaya da tabarau ta leƙo daga ɗakin, ta ɗaga murya ta kira sunana. Na waiga ko akwai mai irin sunan, babu. A duk garin nan mutum ɗaya ce ta san shi.

"Ke ce malamar?" in ji ta. "Mun ce 'ya'yanta nawa, ta ce huɗu, ta fara da ke. Sunanki, ajinki, jan bironki. Sai da muka ce mata ya isa haka. Allah ya yi miki albarka."

Na rungumi jakar Inna na bi bayanta. A mota har muka iso gida Inna tagar take kallo, ni kuwa ji nake motar ta yi mini kaɗan.

Sunanta ya fito cikin waɗanda aka ɗauka. Ta yi karatunta, ta yi aiki a wajen Zurmi, ta dawo gida ta ci gaba har ta yi ritaya, kuma Kaka ta rayu ta gan ta cikin farin kaya. Yau ni malamar Turanci ce, ɗalibaina ba su ƙirguwa, amma babu wadda nake alfahari da ita kamar ta farkon.

Zamani ya juya. Ni 'yar farina tun safe nake ƙwala mata kira, har maƙwabta sun haddace sunan, Inna na jin mu tana girgiza kai tana cewa mun zubar da kunya. Ita kam har yau ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Sau ɗaya ta faɗe shi, a gaban baƙi, ina waje. Bara na yi ƙarfin hali na tambaye ta yadda aka yi bakinta ya iya. Ta dubi butar alwalarta, ta ce, "A hwaɗa mata Turanci ne. Shi ai ba shi da kunya."