Lambun Yaya Binta, Bayan Shekara Bakwai

Shekara bakwai ke nan da muka rasa Yaya Binta, kuma har yau in na shiga gidanmu na Nassarawa GRA, lambunta nake fara leƙawa kafin in gaida kowa. Yayata ce. Shan inna ya riƙe mata ƙafafu tun tana ƙarama, amma bai taɓa riƙe mata baki ba.

Ita ta mayar da filin bayan gida lambu. Ba ruwanta da furannin gayu irin na maƙwabta. Rama, yakuwa, lalo, karkashi, da wani gauta mai ɗaci da kakarmu ta zo da irinsa daga ƙauye, su ta sa a gaba. Sannan ta gayyato guragu da makafi daga Giginyu da Hotoro, duk Asabar a yi aiki tare, kowa ya koma da ganyen miya. Masu gadin layinmu, da suka saba korar irinsu, dole suka koyi yi musu sannu da zuwa.

Daga baya wata ƙungiya daga Turai ta haɗa gwiwa da ita. Mutanen kirki ne, ba zan ci amanarsu ba. Sai dai sun zo da tsarinsu a kai: suka gina wuraren shuka da bulo har ƙugu, don mai keken asibiti ya yi aiki a zaune. Mutanen Yaya kuwa yawancinsu da hannu suke tafiya, silifa a tafin hannu. Ƙasar da take gabansu jiya, yau ta koma saman kansu. Yaya ta dubi shugabarsu ta ce, "Baiwar Allah, mu da ƙasa dama kusa muke. Ku kuka raba mu." Matar ta ji kunya, aka rushe rabi, kuma daga ranar ba su ƙara aza bulo ba sai sun tambaya.

Yau haɗin gwiwar ya zama gaisuwa a waya sau ɗaya a shekara. 'Yan'uwana maza kuma sun yanke shawarar gina gidajen haya a filin. Na yi musu, na yi fushi, na kai ƙara wajen kawunnanmu, har ni kaina na gaji da jin muryata. Nakan tambayi kaina me za ta yi da tana raye. Na sani sarai: sawa za ta yi a kai ta tsakiyar rama, ta zauna, ta ce a zuba kankaren a kanta. Ni ba ni da wannan ƙarfin, kuma abin yana cina.

Makon jiya na sanar da Malam Haruna, makahon da ya fi kowa daɗewa a lambun. Ya daɗe yana shafa ƙwanson yakuwa, sannan ya ce, "Hajiya, ki roƙa mana su bari iri ya bushe." Na roƙi babban yayanmu, ya amince. Iyakar abin da na iya samo mata ke nan.

Gautan kaka zai rayu, wannan ban da shakka; kowa ya tanadi gwangwaninsa na ajiye iri. Amma da Malam Haruna zai tafi, ya tsaya da sandarsa ya ce, "To Hajiya, bayan nan a ina za mu riƙa haɗuwa?"

Allah ya jiƙanki, Yaya.