Ranar da Injiniya Abdulbaƙi Ya Huda Rautar Gwamnati

Duk wanda ya yi aiki a hawa na uku na hukumarmu, a shekarun nan da gine-gine ke tsirowa a Abuja kamar ciyawar damina, ya san Injiniya Abdulbaƙi. To amma in faɗa muku tun da wuri, ba injiniya ba ne, ko kusa. Ilimin adana littattafai ya karanta. Ya baro Malumfashi shekara biyu bayan sojoji sun koma bariki, da jaka ɗaya da takardar kama aiki, aka ajiye shi a rajista, ɗakin da ake tara fayil ɗin ma'aikata. Aikinsa ya huda takarda, ya zura mata igiya, ya buga lamba, ya jera. Kuma ya iya, Allah ya sani. Ko takardar da ta yi shekara goma ka tambaya, zai ɗan kalli sama, ya miƙa hannu ya zaro ta.

Sunan Injiniya kuwa tsintarsa ya yi. Wata rana firintar Darakta ta ƙi aiki, mutum uku sun zagaye ta suna lallashi. Abdulbaƙi ya shigo da fayil a hammata, ya kashe ta daga bango, ya ƙirga goma a zuci, ya kunna. Sai ga takarda tana fitowa. Darakta ya ce, "Ashe muna da injiniya a gidan nan!" Shi ke nan. Kashegari ya sayi ƙaramin sukundireba ya maƙala a aljihun gaba kusa da biro. Mu ma'aikatan gwamnati haka muke, a ba mu suna yau, mu nemi aikin da ya dace da shi daga baya, in an samu hali. Shekara takwas ya yi yana cin wannan suna, kuma duk iliminsa bai wuce abu biyu ba: kashe, kunna. Shi da bakinsa yake faɗa yanzu, yana dariya har da buga cinya.

Matarsa Nabilah ce kaɗai ba ta ruɗu ba. A gidansu na Durumi, idan ƙwan lantarki ya mutu sai ta ce, "Injiniya, ga kwangila ta samu," da wata irin murya da shi kaɗai ya san abin da ke cikinta.

Ana nan sai aka kawo wa hawa na uku rauta, ƙaramin baƙin akwatin nan mai ƙaho biyu da ke raba intanet ba tare da waya ba. Aka ɗora ta kan kabad a baranda, aka manna mata lambar kayan gwamnati. Kowa ya samu, ban da rajista, don tana can ƙarshen baranda. Injiniya guda, sai ya tsaya a bakin ƙofa da laftof a hannu kamar mai tallan ƙosai kafin ya buɗe saƙo. Abin ya ci masa rai. Ya yi ta karance-karance har ya gano cewa ana iya yi wa rauta filashin, a zuba mata wata manhaja da za ta ƙara mata ƙarfi.

Ranar wata Laraba, ana fita sallar azahar, ya ce ai zai bi jam'i na biyu. Ya jona laftof, ya fara zuba mata sabuwar manhajar. Layin da ke nuna ci gaban aikin ya tafi, ya tafi, ya kai rabi ya tsaya. Minti ɗaya. Minti biyu. Ga rubutu ɓaro-ɓaro yana gargaɗin kada a kashe. Amma mutumin da ya yi shekara takwas yana warkar da kowace cuta da magani ɗaya, me kuke zato zai yi? Ya zare wayar daga soket, ya ƙirga goma, ya mayar.

Fitilu biyar gare ta. Ɗaya ce ta kama, ita ma sai ƙifta ido take yi. Ya sake kashewa, ya sake kunnawa, har sau bakwai. Inna lillahi! Gumi ya jiƙa masa hula. Ya naɗe kayansa, ya lallaɓa masallaci, ya yi sallar da shi kansa ba zai iya rantsewa raka'a nawa ce ba.

Yana can sai Baba Ilyasu masinja ya zo ya jona butar shayin Darakta a soket ɗin da ke gefen na rautar, kamar yadda ya saba kullum. Baba Ilyasu dattijo ne ɗan Misau, shekara talatin da huɗu yana ɗaukar fayil daga tebur zuwa tebur, tun hukumar tana Legas, saura wata takwas ya yi ritaya. Ba shi da gida a Abuja, ba shi da mota, abin alfaharinsa ɗaya ne a duniya. Yakan ce, "Je ka buɗe fayil ɗina, ko takardar tuhuma ɗaya babu." Kuma gaskiya ne, Abdulbaƙi ne shaida, shi ke riƙe da fayil ɗin.

Da aka dawo aka tarar babu intanet, Malam Lukmanu jami'in mulki ya leƙa, ya ga buta tana tafasa kusa da rauta, bincike ya ƙare. Kafin a tashi aiki ranar Alhamis an buga takardar tuhuma, an ba ta lamba: Baba Ilyasu ya bayyana, zuwa ranar Litinin, dalilin da ba za a hukunta shi ba kan lalata kayan gwamnati. To Baba ba ya rubuta Turanci. Sai ga shi a rajista, takarda a hannu.

"Injiniya, kai za ka rubuta mini amsa."

Abdulbaƙi ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Kunya ta kama shi, tsoro ya fi ta ƙarfi. Ya ce, "Baba, ajiye takardar nan. Ni zan tayar da rautar. In ta tashi ai magana ta mutu."

Baba Ilyasu ya dube shi, ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Darakta da kansa ya sa hannu aka ba Injiniya rauta ya tafi da ita gida. Ranar Juma'a bayan masallaci ya shige kafen intanet a Utako, ya karanta har idonsa ya yi ja. Abin da ya fahimta shi ne, rauta irin wannan ba ta mutu ba, suma ta yi. A cikin cikinta, a kan fanel, faifan nan da aka jera kayan lantarkinta, akwai wasu ƙananan huji huɗu a jere, ƙofar baya ce da masu ƙera ta suka bar wa kansu. In aka liƙa musu ƙusoshi da dalma aka jona da kwamfuta, rautar za ta yi magana da rubutu, ta faɗi abin da ke damunta, kuma ta ji umarni.

Asabar da hantsi ya hau tasi kore da fari zuwa Kasuwar Wuse. Ya ratsa masu atamfa da masu canji har ya kai rumfar Madam Alice, 'yar Kagoro, mai gyaran waya, wadda aka ce hannunta ba ya rawa. Ta ɓalle murfin, ta yage tambarin da ke cewa kada a buɗe, Abdulbaƙi ya runtse ido. Ta ɗora gilashinta a hanci, ta ɗiga dalma sau huɗu, ƙusoshi suka tsaya cak kamar haƙoran mataji. Ta huda gefen murfin da ƙarfe mai zafi don waya ta samu hanya, ta ba shi kebul mai siraran wayoyi.

"Oga, ka bari in jona maka a nan, mu gani ko zai yi magana."

"A'a Madam, sauran aikin namu ne na injiniyoyi."

"To, Oga Injiniya. Na wuta ɗin kar ka taɓa shi fa, uku kawai za ka sa."

A gida ya share tebur, ya kori Kauthar 'yarsu daga falo, ya zauna kamar likita. A jikin fanel an rubuta TX a ƙusa ɗaya, RX a ɗaya. A jikin kebul ma haka. Nan fa jinin rajista ya motsa. Shekara goma yana aika takardu bisa ƙa'ida: darakta ya rubuta wa darakta, akawu ya rubuta wa akawu, kowa da tsaransa. Ya haɗa TX da TX, RX da RX, ya gyara zama, ya kunna. Allon laftof baƙi ƙirin, ko ɗigo. Ya kashe, ya kunna. Ya hura wa ƙusoshin iska. Ya yi bismilla ya sake. Shiru.

Nabilah ta leƙo daga kicin da ludayi a hannu. "Baban Kauthar, wai ita ce ba ta magana, ko kai ne ba ta yi da kai?"

Ya sake kashewa, ya sake kunnawa. Hoton Baba Ilyasu da takarda a hannunsa ne ya hana shi cin tuwon rana. La'asar na yi ya kwashi kayan ya koma Wuse, hula a karkace.

Madam Alice ta kalli wayoyin sau ɗaya, ta tuntsire da dariya har maƙwabcinta mai sayar da caja ya leƙo.

"Kai, Oga! Wannan bakinsa ne, wannan kunnensa. Ka haɗa baki da baki, kunne da kunne. Biyu suna surutu babu mai ji, biyu suna saurare babu mai magana. A ofis naku haka kuke yi?"

Abdulbaƙi ya yi tunani tsakaninsa da Allah, ya ce, "Wallahi Madam, haka muke yi."

Ta sauya wayoyi biyun, ta kunna. Sai rubutu ya ɓarke a allo, fari a kan baƙi, yana gudu layi bayan layi. Abdulbaƙi ya matso kusa da allo. Akwatin da ya yi kwana uku yana ƙifta ido ashe yana ta ihu ne a ciki, babu mai ji. Alice ta sa yatsa a wani layi. Rautar ta faɗa da Turancinta, ba kwana-kwana, cewa manhajar da ke cikinta guntuwa ce, an katse ta a tsakiya.

"Buta ba ya yin wannan," in ji Alice. "Wani ne ya yi masa filashin ya cire wuta. Wane wawa ne?"

"Wani ne a ofishinmu," in ji Abdulbaƙi, yana kallon silin.

Ta nuna masa inda zai danna da sauri kafin rubutun ya wuce, rautar ta tsaya tana jiran umarni. Suka mayar mata da manhajarta ta asali, wannan karon ya zauna a kan hannayensa har aka gama. Fitilu biyar suka kama reras. Ya fito daga kasuwa yana jin kamar ya raba wa 'yan tasi goro.

Litinin da safe ya ɗora ta kan kabad, intanet ta dawo, aka yi ta tafi. Darakta ya dafa kafaɗarsa a gaban kowa ya ce, "Injiniya ya gyara ɓarnar Baba." Abdulbaƙi ya bi Malam Lukmanu ofis, ya ce tunda ta tashi ai sai a yage takardar.

"Haba Injiniya, kai da ke rajista? Takardar da aka ba lamba tana yaguwa? Baba ya kawo amsa, mu ba shi gargaɗi mai sauƙi, a sa a fayil. Kai kuma ka rubuto mana rahoton abin da ya kashe ta. Layi biyu ya isa, ka ce buta ce."

Abdulbaƙi ya sani. Ya fi kowa sani. Kwana uku yana wahalar huda rauta, alhali tun ranar Alhamis ya san ba rauta ce ke buƙatar gyara ba. Ya koma rajista ya rufe ƙofa, ya zaro fayil ɗin Baba Ilyasu. Siriri ne, shekara talatin da huɗu amma bai kai kaurin littafin firamare ba: takardar kama aiki, ƙarin girma uku, hutun zuwa jana'izar matarsa. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya zare sukundireban daga aljihu ya jefa a durowa, ya ɗauki biro. Rahoton ya cika shafi guda, babu buta a ciki ko sau ɗaya.

Abin da ya biyo baya ba sai an faɗa ba. Aka janye takardar Baba a rubuce, aka buga sabuwa da sunan Abdulbaƙi, har da ƙarin laifin huda kayan gwamnati. Kuma da yake shi ne rajista, shi ya karɓe ta, ya buga mata lamba, ya huda ta, ya zura a fayil ɗinsa da hannunsa. Ya ce bai taɓa huda takarda ta fita daidai tsakiya kamar wannan ba. Ƙarin girmansa ya ja baya da shekara guda. Sunan Injiniya kuwa bai mutu ba, sai dai yanzu duk hawa na uku da muryar Nabilah suke faɗarsa.

Da yamma, an watse, Baba Ilyasu ya shigo rajista da kofin shayi ya ajiye masa. Abdulbaƙi ya kasa ɗaga kai.

"Baba, ka yafe mini. Ni ne."

"Ai na sani. Ranar na dawo ɗaukar butar alwala, na hango ka a baranda kana zare waya kana ƙirge."

Abdulbaƙi ya ɗago, baki buɗe. "Ka sani? To me ya sa ba ka faɗa ba? Me ya sa ma ka kawo mini takardar in rubuta maka amsa?"

Baba Ilyasu ya gyara hularsa, ya ɗauki tiren shayinsa.

"To wa zan kai wa, ɗana? Ai taka ce."