Bajon da Na Ɗinka wa Muttaka

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha ɗaya ga Jimada Ula, bayan la'asar, aka zo mini da labarin rasuwarka, Muttaka ƙanena. Shekara goma sha tara kana aikin kwana-kwana, ba wuta ce ta kashe ka ba.

Ni na ɗinka maka bajon da ke kafaɗar rigarka. Ranar ka zauna gefen kekena kana nuna mini: gatari biyun nan na fasa ƙofa ne a fito da mai rai, hular kwano ta mai shiga wuta ce. Ka ce a da na tagulla ne, daga baya ya koma na zare. Ka roƙi in ƙara shuɗin layi a ƙasa, wai kogin Haɗeja ne, don shi ke cika muku tanki.

Abokan aikinka da fil suke maƙala nasu, saboda in mota ta makara, jama'a jifa suke yi, sai mutum ya cire ya saje da taro. Kai ka ce, "Yaya, ki ɗinke shi yadda ba zai ciru ba." Na sa zaren taru, na bi shi sau biyu. Har na ji daɗin aikina.

Shinkafar wani ƙauye a bayan Auyo ta kama wuta a masussuka. Ruwa ya cinye hanya, kuka zagaya, kuka tarar da toka. Sauran suka cire nasu. Kai aka gane, aka rufe ka da jifa.

Mutanen ƙauyen sun zo gaisuwa. Wani dattijo ya ce da matarka Bara'atu, "Haƙuri za a yi, kwana ne ya ƙare." Gaskiya ya faɗa. Na kai musu ruwa, suka sha.

Da aka kawo rigar na duba ɗinkina. Kusurwa ɗaya ta ɗaga, zare uku sun tsinke, akwai shatin farce. Ashe ka gwada cirewa, Muttaka. Ban faɗa wa Bara'atu ba, sai yau da nake rubutawa.

Allah Ya jiƙanka, Ya sanyaya makwancinka, Ya haramta wa wuta jikinka. Allah Ya ba Bara'atu haƙuri, Ya raya 'yarku Umaima. Ni kuma ka yafe mini ɗinki na biyun.

Yayarka,
'Yar'azumi Ja'afaru, Haɗeja